Mutuwar Romeo da Juliet: Alhakin Yana Wuyan Wa?

Mutum 6 ne suka rasa rayukansu a wasan kwaikwayon Romeo da Juliet na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a Landan a 1597, kuma 5 daga cikinsu matasa ne: Mercutio abokin Romeo, da Tybalt ɗan kawun Juliet, da Paris mai neman auren Juliet, da masoyan biyu. Ta shidan ita ce mahaifiyar Romeo, wadda baƙin cikin korar ɗanta daga gari ya kashe. Duka wannan ya auku a birnin Verona na ƙasar Italiya cikin kwanakin da ba su cika mako guda ba, inda gidan Montague, wato gidan su Romeo, da gidan Capulet, wato gidan su Juliet, suke gaba da juna. A fitowar ƙarshe Sarkin birnin, Escalus, ya saurari shaidu, ya karanta wasiƙar da Romeo ya bar wa mahaifinsa, sannan ya ce za a yafe wa wasu a kuma hukunta wasu, amma bai kama sunan kowa ba. Wannan giɓin ne ya sa har yau ɗalibai da malamai da masu kallo suke sa-in-sa a kan wanda ya kamata a tuhuma, kuma kowane ɓangare yana samun abin kafa hujja daga cikin wasan.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin yana tasowa ne daga haɗa tambayoyi uku wuri ɗaya. Ta farko ita ce ta sanadi, wato abin da ba don shi ba da mutuwar ba ta auku ba, ko da kuwa babu wanda ya nufe shi da sharri. Ta biyu ita ce ta laifi, wato aikin da mutum ya aikata da saninsa, alhali yana da damar barinsa. Ta uku ita ce ta alhaki, wanda yake bin girman iko da sani da amanar da aka ɗora wa mutum, ta yadda wanda bai ɗaga hannu ba ma yana iya ɗaukarsa idan aikinsa ne ya hana kuma bai hana ba. Baran gidan Capulet da bai iya karatu ba, wanda ya tare Romeo a hanya ya roƙe shi ya karanta masa sunayen waɗanda aka gayyata walima, sanadi ne na haɗuwar masoyan, amma babu mai hankalin da zai ce yana da laifi.

Shi kansa wasan ban tausayi yana da ƙa'idar da aka daɗe ana auna shi da ita. Tun zamanin Girkawa, Aristotle ya bayyana cewa jarumin irin wannan wasa ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba ne, mutum ne da wani kuskure nasa ya kai shi ƙasa. Masu riƙe da wannan ma'auni sun daɗe suna ganin Romeo da Juliet bai cika sharaɗin ba, domin a ganinsu tsautsayi ya fi halin jaruman yawa a cikinsa. Fitaccen littafin nazarin da A. C. Bradley ya fitar a 1904 ya tsaya ne a kan Hamlet da Othello da Lear da Macbeth, ya bar wannan wasan a gefe.

Inda labarin ya fito, da abin da Shakespeare ya sauya

Labarin ya girmi Shakespeare. Tun a zamanin Rumawa mawaƙi Ovid ya ba da labarin Pyramus da Thisbe na birnin Babila, waɗanda iyaye suka hana su juna, saurayin ya kashe kansa bisa zaton budurwar ta mutu, ita ma ta bi shi. A Italiya, Masuccio Salernitano ya rubuta makamancinsa a 1476 ya ajiye shi a birnin Siena, sannan Luigi da Porto, wajen 1530, ya mayar da shi Verona ya ba masoyan sunayen da aka san su da su yanzu. Matteo Bandello ya sake tsara shi a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci a 1559, daga nan Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. Waƙar Brooke ce Shakespeare ya ɗora wasansa a kai.

Brooke bai ɓoye matsayinsa ba. A gabatarwar waƙarsa ya ɗora laifin a kan masoyan, ya ce sun bi sha'awa, sun yi watsi da ikon iyaye da shawararsu, sun kai sirrinsu wurin tsofaffin mata mashaya da limaman Katolika masu camfi. Wannan magana ta dace da Ingilar lokacin, wadda ta riga ta ɓalle daga ikon Paparoma.

Shakespeare ya yi gyara biyu da suka canja nauyin tuhumar. A wurin Brooke al'amarin ya ɗauki watanni, masoyan ma sun ɗan zauna da aurensu a ɓoye. Shakespeare ya matse shi cikin kwana 4 zuwa 5: sun haɗu daren Lahadi, an ɗaura aure ranar Litinin, a ranar kuma Romeo ya yi kisa aka kore shi, da asubahin Talata ya bar gari, daren Talatar Juliet ta sha maganin da ya kwantar da ita kamar gawa don ta kuɓuta daga auren Paris. Na biyu, ya rage shekarun Juliet daga kusan 16 zuwa ƙasa da 14, domin saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14 a daren ƙarshen watan Yuli. Duk wanda zai yanke hukunci a kan yarinyar dole ya riƙe waɗannan lambobi biyu a zuciyarsa.

Masu cewa ƙaddara ce

Wannan ɓangare yana da mabuɗin wasan a hannunsa, domin tun kafin a fara, mai gabatarwa ya shaida wa 'yan kallo cewa taurarin masoyan sun saɓa kuma mutuwa ce ƙarshensu. A Ingilar wancan zamani mutane da yawa, har da masu ilimi, sun yarda cewa taurari suna da tasiri a kan rayuwar ɗan'adam. Romeo ma, a kan hanyarsa ta zuwa walimar, ya ce jikinsa yana ba shi wani mugun abu zai fara daga wannan dare.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wasiƙar da ba ta isa ba. Fada Laurence, limamin cocin da ya ɗaura musu aure ya kuma ba Juliet maganin, ya rubuta wa Romeo, wanda yake zaman kora a Mantua mai nisan kimanin kilomita 40, cewa Juliet ba ta mutu ba. Ɗan aiken, Fada John, ya tsaya neman abokin tafiya daga cikin 'yan'uwansa limamai, sai jami'an lafiya suka zarge su da shiga gidan da annoba ta kama, suka kulle su a ciki. 'Yan kallon Landan sun san wannan da idonsu, tunda annoba ta sa an rufe gidajen wasa na tsawon lokaci tsakanin 1592 da 1594. Haka nan da Juliet ta farka 'yan mintoci kafin lokacin da ta farka, da ta tarar da mijinta da rai.

Raunin wannan ra'ayi shi ne yana bayyana yadda shirin ya rushe, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa ran mutum biyu ya rataya a kan takarda guda tun farko. Ruwa ba ya tsami banza. Annoba ta tsare ɗan aike, amma ba ita ta sa aure ya zama abin ɓoyewa ba.

Masoyan kansu

Tuhumar da ake yi wa Romeo ta fi ta Juliet nauyi nesa ba kusa ba. Da safiyar Lahadi yana kuka a kan wata budurwa mai suna Rosaline, don ganinta ma ya shiga walimar gidan abokan gaba da fuska a rufe, kafin gari ya waye kuma ya je neman a ɗaura masa aure da wata. Fada Laurence ya yi masa faɗa a kan wannan saurin juyawa, ya gargaɗe shi cewa mai gudu shi ke tuntuɓe. Romeo ya kashe mutum biyu da hannunsa, Tybalt da Paris, kuma da baransa Balthasar ya kawo masa labarin mutuwar Juliet, ya tambaya ko akwai saƙo daga Fada, aka ce babu, amma bai tsaya ya bincika ba, sai ya nufi wurin mai sayar da guba.

Masu kare shi suna nuni da yadda kisan farko ya faru. Tybalt, ɗan kawun Juliet, shi ya zo neman faɗa, Romeo kuwa ya ƙi, domin awa ɗaya kacal da ta wuce ya zama surukin gidan ba tare da kowa ya sani ba. Mercutio ya ɗauki wannan sanyi a matsayin wulaƙanci, ya zare takobi a madadin abokinsa, kuma a daidai lokacin da Romeo ya shiga tsakani don ya raba su ne Tybalt ya soke Mercutio ta ƙarƙashin hannunsa. Wato yunƙurin sulhun ne ya buɗe hanyar takobin. Abin da Romeo ya yi bayan haka ramuwar gayya ce, irin wadda duk samarin birnin suka tashi suka tarar ana yabon mai yin ta.

Juliet kuwa ta fi kowa a wasan ganin hatsarin gaggawar, domin a daren farko ita ce ta ce alkawarin ya yi sauri da yawa, kamar walƙiya. Sai dai ita ce kuma ta fara kawo maganar aure, ta yaudari iyayenta, ta amince da maganin. Abin lura shi ne kafin ta kai ga maganin ta nemi mafita a wurin manya huɗu, ɗaya bayan ɗaya: mahaifinta, mahaifiyarta, mai rainonta, sai limaminta. Ukun farko sun juya mata baya a cikin safiya guda.

Gidajen biyu da fadar Sarki

Wasan bai taɓa faɗin abin da ya haddasa gabar Montague da Capulet ba, ya dai kira ta tsohuwar gaba. Fitowar farko ma ba da iyayen gidan ta fara ba, ta fara ne da barori suna tsokanar juna a titi, ɗaya yana cizon babban yatsansa don ya zagi na ɗaya gidan, yana kuma tambayar abokinsa ko doka za ta goyi bayansu idan faɗa ya tashi. Da rikici ya kaure sai tsofaffin biyu suka fito, Capulet yana kiran a miƙo masa doguwar takobinsa, matarsa tana cewa sandar dogarawa ta fi dacewa da shi. Gabar ta zama gado da tsofaffi suke riƙe da shi, samari kuma suke biyan kuɗinsa da jini. Mercutio, wanda ba ɗan kowane gida ba ne a cikin biyun, ya mutu yana la'antar gidajen duka.

Al'amarin Capulet ya fi na kowa sarƙaƙiya, kuma a nan ne masu saurin yanke hukunci suka fi yin kure. A ranar Lahadi, da Paris ya nemi auren Juliet, uban ya ce yarinyar ba ta isa ba, a bari shekara biyu su ƙara wucewa, ya kuma ce yardarsa tana bin yardarta. A walimar, da Tybalt ya gane Romeo ya nemi takobi, Capulet ne ya tsawata masa, ya ce mutanen Verona suna yabon yaron da kyawun hali. Wannan magana ta sa wasu manazarta suna ganin da an fito fili da maganar auren, ba lallai ne a ƙi ba. Amma daren Litinin, bayan kisan Tybalt, mutumin nan ya ba da 'yarsa ga Paris ba tare da ya tambaye ta ba, ya sa ranar Alhamis. Da ta ƙi, ya zage ta, ya ce zai ja ta zuwa coci da ƙarfi, in ba haka ba ta je ta yi bara ta mutu a titi. Da ta dawo daga wurin Fada tana nuna ta yi ladabi, murna ta sa ya jawo bikin zuwa Laraba, wanda hakan ya rage wa shirin Fada kwana guda cur.

Abin da ake iya faɗa don sassauta masa shi ne bai san 'yarsa tana da miji ba, ya zaci kukan Tybalt take yi, kuma a tunaninsa aure ne zai share mata hawaye. Sai dai rashin sanin nan ma yana komawa kansa, domin tsoron gabar da yake jagoranta ne ya hana a gaya masa. Matarsa kuwa, wadda ta ce ita ma ta haifi Juliet tana kusan shekarun da Juliet take yanzu, ta nemi a zubar da jinin Romeo a gaban Sarki, sannan ta ce wa 'yarta ta yi abin da ta ga dama, ta cire hannunta.

Sarki Escalus ya amsa laifi da bakinsa. A farkon wasan ya ce sau uku ke nan gidajen suna tayar da tarzoma a titunan birnin, sai a lokacin ya kafa dokar kisa. Da aka karya dokar washegari ya mayar da hukuncin kora daga gari, bisa hujjar cewa Tybalt ne ya fara kisa. A ƙarshe ya ce saboda kau da kai da ya yi daga rikicin ya rasa danginsa biyu, Mercutio da Paris. Idan aka auna da ma'aunin alhaki, shi ne mutumin da yake da ikon kashe wutar shekaru kafin yaran su haɗu.

Limami da mai raino

Fada Laurence ne ya fi raba kan masu nazari. Niyyarsa a bayyane take, ya ce ya yarda ya ɗaura auren ne da fatan ya zama silar sulhu tsakanin gidajen. Amma shi babban mutum ne da ya san kome, ya ɗaura wa yarinya mai shekara 13 aure ba da sanin iyayenta ba, kuma da aka zo batun Paris yana da hanya mai sauƙi a gabansa, wato ya je ya faɗa wa Capulet ko Sarki gaskiya. Bai yi ba, ya zaɓi maganin da zai kwantar da ita na awa 42, a kai ta ɗakin kaburburan gidansu. Masu sukarsa suna cewa gaskiyar za ta tona nasa asirin, shi ya sa ya guje ta. Akwai kuma wani sakaci da ba a cika ambata ba: shi da kansa ya yi wa Romeo alkawarin cewa ta bakin baransa zai riƙa aiko masa labarin Verona, amma bai sanar da baran shirin ba, don haka Balthasar ya kai labarin ƙarya da zuciya ɗaya. A kabarin ma, da Juliet ta farka ta ga gawar mijinta, Fada ya ji motsin 'yan gadi, ya roƙe ta ta biyo shi, da ta ƙi sai ya gudu ya bar ta ita kaɗai da wuƙar Romeo a kusa. Duk da haka Sarki ya ce sun daɗe da saninsa a matsayin mutumin Allah, bai tuhume shi ba.

Mai rainon Juliet, wadda ta shayar da ita tun tana jaririya, ita ce ta kai saƙo ta kawo, har tsanin igiyar da Romeo ya hau da shi ita ta ɗauko. Da uban ya fusata ta yi ƙoƙarin kare yarinyar aka zage ta, daga nan ta ba Juliet shawarar ta manta da Romeo ta auri Paris. Baiwar Allah ce da cinta da shanta suke hannun maigidan, kuma wannan yana rage mata nauyi, ko da yake shawarar tata ce ta sa Juliet ta daina gaya mata kome.

Wanda hukunci ya faɗa wa

A waƙar Brooke an fayyace abin da Shakespeare ya bari a buɗe. An kori mai raino daga gari, an rataye mai sayar da guba, an saki baran Romeo, an wanke Fada ya koma zaman kaɗaici har ya mutu. Iyayen gidajen babu wanda aka taɓa. Mai maganin nan, kamar yadda Shakespeare ya zana shi, mutum ne da yunwa ta rame, shagonsa babu kome sai akwatunan wofi da tsofaffin iri da busassun fatun kifi. Ya shaida wa Romeo cewa dokar Mantua kisa ce ga mai sayar da irin wannan guba, Romeo ya ɗora masa tsabar zinare 40, shi kuma ya ce talaucinsa ne ya yarda, zuciyarsa ba ta yarda ba. A wasan kuwa Montague da Capulet sun yi musabaha, kowane ya yi alkawarin gina gunkin zinare na ɗan ɗaya gidan. Wasu suna ganin wannan tuba ce ta gaskiya, wasu kuma suna ganin gasar arziki ce ta ci gaba da wani salo.

Masu karatun da suka san labarin Laila da Majnun, wanda ya faro a ƙasar Larabawa kuma Nizami ya mayar da shi doguwar waƙar Farisanci a 1188, za su ga bambanci mai amfani. A can uban Laila ya san da soyayyar kuma ya ƙi Ƙais, wato Majnun, a fili, saboda waƙoƙinsa sun yayata sunan 'yarsa, don haka an san wanda ya yanke shawarar. A Verona ba a taɓa tambayar iyayen ba balle su ƙi, kuma wannan ne ya sa alhakin ya warwatsu a hannaye da yawa.

Yadda muhawarar ta shafi mutanen gari

Tambayar ba ta tsaya a dandalin wasa ba, domin Turai ta yi ƙarnoni tana jayayya a kan auren ɓoye. Dokar coci ta tsakiyar zamani ta ɗauki yardar ango da amarya a matsayin abin da ke ƙulla aure, ta sa ƙaramin shekarun aure 12 ga mace da 14 ga namiji, saboda haka auren Romeo da Juliet ingantacce ne a idon coci ko da iyaye ba su so. A zahiri kuwa yawancin matan Ingila na zamanin Shakespeare ba sa aure sai sun haura shekara 20, don haka 'yan kallon farko ma sun ga ƙuruciyar Juliet a matsayin abin mamaki.

Hukumomi sun bi hanyoyi daban-daban. Babban taron Cocin Katolika na Trent ya zartar a 1563 cewa aure ba ya inganta sai a gaban limami da shaidu aƙalla biyu, amma ya ƙi mayar da yardar iyaye sharaɗi. Ingila ta karkata ga ra'ayin da ya fi kusa da na Brooke: dokar aure ta 1753 ta soke duk auren da aka ɗaura da lasisi ga wanda bai kai shekara 21 ba idan babu yardar uba ko waliyyi, ta kuma tanadi hukunci mai tsanani ga limamin da ya ɗaura auren ɓoye. Dokar ta kare dukiyar manyan gidaje daga masu neman 'ya'yansu don gado, ta rage gardama a kan wanda ya auri wa, ta kuma ƙara wa iyaye ƙarfi a kan 'ya'yansu. Sai dai ba ta shafi Scotland ba, saboda haka masoyan da suke da kuɗin keken doki suka riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙauyen Gretna Green a ɗaura musu aure a can, har sai da aka kafa wata doka a 1856 da ta wajabta wa ɗaya daga cikin ma'auratan zaman kwana 21 a Scotland kafin ɗaurin auren.